Babi na 7: Minti 40 Ko Minti 80?

A ofishin mataimakin shugaban makaranta na kusan kowace sakandare, daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa, akwai wani farin kwali manne a bango, an ja masa layuka da rula an yanka shi gida-gida. Taimtebul ke nan. Iyaye ba sa ganinsa. Jami'an da ke zuwa duba makaranta sukan yi masa kallo ɗaya su wuce wajen rajistar zuwan malamai. Amma duk cikin takardun makaranta babu wadda ta kai shi iko a kan ɗalibi. Shi ke yanke ko lissafi zai zo da sanyin safiya, ko kuwa sai rana ta take cikin kowa ya fara kiran ciroma. Shi ke yanke ko yarinyar da ke tahowa a ƙafa daga ƙauye za ta riski darasin Ingilishi daga farko, ko kullum sai dai ta tarar ana share allo.

Fasalinsa sananne ne. A yi asambuli, a shiga aji wajen ƙarfe 8, a yi firiyod takwas ko kusa da haka, kowace minti 40, wasu wuraren 35. A fita tara a tsakiya, a tashi wajen ƙarfe 2, ranar Juma'a kuma a gajarce saboda masallaci. Duk bayan minti 40 wani ɗalibi zai ɗauki guntun ƙarfe ya daki tsohon wilin mota da aka rataye a bishiya. Malami ya tattara allinsa ko ya gama ko bai gama ba, wani ya shigo da wani zance dabam. Yaron da ke tsakiyar auna kusurwa sai ya tsinci kansa a cikin rabe-raben gwamnati, kafin ya natsu an koma kan yadda jini ke zagaya jiki.

Akwai masu ganin wannan yanka-yanka ita ce cutar. Shawararsu ita ce a dunƙule ranar: maimakon darussa takwas gajeru, a yi huɗu dogaye, kowanne minti 80 ko 90. Shawarar ta daɗe tana yawo a duniya, an gwada ta a dubban makarantu, kuma wani ɓangare nata ya riga ya shigo yankin nan namu ba tare da an yi masa sallama ba.

Ita kanta gajeriyar firiyod ba wani binciken ƙwaƙwalwar yara ne ya haife ta ba. Mu daga Turawan Ingila muka gaje ta tare da bokon gaba ɗaya. A Amurka kuwa labarin ya fi ban mamaki. Attajirin ƙarfe Andrew Carnegie ya kafa gidauniya don biyan fansho ga malaman jami'a, sai gidauniyar ta ga dole ta fayyace wace makaranta ce ta cancanci a kira ta jami'a, hakan kuma ya kai ta ga fayyace irin karatun sakandaren da ɗalibi zai zo da shi. A 1906 ta sa ma'auni: awa 120 a gaban malami a cikin shekara shi ne darasi guda cikakke. Makarantu suka raba awa 120 ɗin nan a kan kwanakin shekara, sai ga firiyod ta kusan minti 40 zuwa 60 kullum. Wato maganar fansho ce ta yanka wa yaran Amurka ranarsu.

Masu tawaye sun biyo baya. A 1959 wani masanin ilimi mai suna J. Lloyd Trump, ba wancan Trump ɗin da kuka sani ba, ya ba da shawarar a bar kowane darasi ya ɗauki tsawon da ya dace da shi. A ƙarshen shekarun 1980 Joseph Carroll, wani shugaban makarantu a jihar Masacusets, ya gwada tsarin da ɗalibi zai riƙe darussa kaɗan a lokaci guda, ya zurfafa a cikinsu, ya gama, sannan ya ɗauki wasu. A 1994 wani kwamitin ƙasa ya fitar da rahoton da ya siffanta ɗaliban Amurka da fursunonin lokaci. Daga nan abin ya bazu, makarantu suka yi ta canza jadawalinsu a shekarun 1990.

Iri biyu ne suka fi yaɗuwa, kuma duk gardamar da za mu yi a nan ta rataya ne a kan bambancinsu. A iri na farko, ana raba shekara biyu. Ɗalibi ya ɗauki darussa huɗu kacal, kowanne minti 90 kullum, ya gama su a rabin shekara, ya ajiye su, ya ɗauki wasu huɗu. A iri na biyu, darussa takwas ɗin duk suna nan har ƙarshen shekara, sai dai a yi huɗu yau, huɗu gobe, jibi a koma kan na farko.

Duk wanda ke shakkar amfanin doguwar firiyod, ya leƙa ɗakin gwaje-gwajen kemistiri ranar da 'yan aji biyar ke koyon auna asid. Kafin a fara komai sai an buɗe kabad an fito da kayan gilashi, an ƙirga su, saboda duk wanda ya fashe malami za a tambaya. Idan famfo ba ya kawo ruwa, yara biyu sun tafi burtsatse da jarka. A ɗauraye dogon bututun nan mai ɗan famfo a ƙasa, a maƙala shi a jikin ƙarfe ya tsaya cak, a cika shi da asid, a duba a ga babu kumfar iska a bakinsa. A auna ɗaya ruwan a zuba a kwalba, a ɗiga masa ɗigo biyu na sinadarin da ke canza launi, ya koma ruwan ɗorawa. Sannan a fara sakin asid a hankali, hannu ɗaya a kan famfo, ɗayan yana jujjuya kwalba, ido a kan launi. Ana jiran ɗigon da zai mayar da ruwan ɗorawa ya zama ruwan goro. Duk ɗan koyo sai ya zarce a karon farko, ruwan ya yi ja, a zubar a sake. Kuma ƙa'ida ita ce a maimaita har sai adadi biyu ko uku sun yi kusa da juna, kafin a zauna a yi lissafi. Yara takwas ko goma ne a kan bututu ɗaya, kowa yana son ya taɓa da hannunsa. A minti 40, ana buga ƙararrawa ne daidai lokacin da aka cika bututu. Hukumar WAEC da kanta awa biyu take ba wa wannan jarabawa ta aiki da hannu, ta fizik ma ta fi haka tsawo. Ɗalibin da bai taɓa tsayuwar awa guda a gaban bututu ba, ranar jarabawa hannunsa ne zai fara tona masa asiri.

Shi ya sa tun da daɗewa makarantunmu suke da abin da ake kira dabul firiyod, inda ake haɗe gida biyu na taimtebul don firaktikal, ko aikin gona, ko zanen injiniya. Kowane malamin kimiyya ya san darajarta. Haka malamin Hausa ko na Ingilishi da ke son yara su rubuta insha'i a gabansa, ya zagaya ya duba, su gyara kafin su tashi. Abin da masu sabon tsari ke cewa shi ne, tunda mun yarda dabul tana da kyau, me zai hana a mayar da ranar duka dabul?

Suna da hujjar lissafi. Kowace firiyod tana da haraji. Kafin malami ya taso daga ɗakin malamai, ya tsallaka fili, yara su miƙe su gaishe shi, monita ya share allo, a nemo alli, a tsawata wa 'yan bayan aji, a ce minti bakwai sun tafi. Sau takwas a rana, minti 56 ke nan, fiye da firiyod guda sukutum. Idan sau huɗu ake shiga, asarar ta koma rabi. Suna kuma cewa ɗalibi zai koma gida da aikin darussa huɗu a kansa maimakon takwas, malami kuma zai sami sararin gane wane ne ya fahimta, wane ne yake gyaɗa kai kawai. Wata fa'idar da Amurkawa ke yawan ambata ita ce raguwar faɗace-faɗace, domin a can ɗalibai ne ke tashi su canza ɗaki duk firiyod, kuma a cunkoson hanya ake tsokanar juna. Wannan ba tamu ba ce. A nan yara suna zaune, malami ne ke yawo.

Bahaushe ma bai kamata ya ji abin baƙo ba, domin karatun zaure a dunƙule yake. Ɗalibin fiƙihu yakan riƙe littafi ɗaya, ya sauke Ahalari, ya ɗauki Ishmawi, ya wuce Iziyya, ya shiga Risala, mai nisan zango ya kai Askari har Muhtasar. Yana zuwa gaban malam da littafinsa, ya ja baƙi, malam ya fassara, a tsaya a kan mas'ala har sai ta warware. Babu ƙararrawa. A haka Katsina ta fitar da malamai tun zamanin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Duk wanda ya ce yaron ƙasar nan ba zai iya zaman awa ɗaya da rabi a kan abu guda ba, bai san zaure ba.

Sai dai masu kafa hujja da zaure sukan manta da rabin labarin. Wannan al'adar da ta yarda a riƙe littafi guda, ita ce kuma ba ta yarda a kwana ba a yi tilawa ba. Almajiri ba ya wanke allo sai ya haddace, kuma abin da ya wanke jiya da shekaranjiya yana cikin tishen da zai yi da asuba da kuma dare. Gardi ya san idan ya yi mako bai bi ta kan izu ba, zai dawo ya tarar ya fara zamewa. Malamanmu sun dunƙule sabon karatu, amma tsohon karatu kullum suke taɓa shi.

Abin da suka gane da gogewa, wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya auna shi ya wallafa a 1885. Ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma maimaici da aka rarraba a kan kwanaki ya fi zama a kai bisa wanda aka tara a zama ɗaya. An yi ta sake gwada wannan fiye da shekara ɗari, yana ta tabbata. Manomin masara a Daudawa ko Damari ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Ruwan da aka sheƙa kamar da bakin ƙwarya a dare ɗaya, sannan aka ɗauke na kwana ashirin, ko da yawansa ya kai na wata guda, ba ɗaya yake da wanda ke sauka duk bayan kwana uku ba. Na farko kwararewa yake yi ya bi rafi.

Da aka zo auna sakamakon makarantun da suka canza tsari, abin da aka samu bai kai yadda aka yi ta tallarsa ba. A 1990 David Bateson ya duba sakamakon dubban ɗaliban kimiyya a lardin Biritish Kolombiya na Kanada. Waɗanda suka yi darasin a tsawon shekara sun fi waɗanda suka dunƙule shi a rabin shekara, kuma waɗanda suka gama nasu tun a rabin farko su ne a baya, don kafin ranar gwaji abin ya yi sanyi. A Ingila, gidauniyar EEF da ke tattara binciken ilimi don amfanin malamai ta sa wannan tsari cikin abubuwan da tasirinsu kaɗan ne ko babu, in dai jadawalin kawai aka canza. Akwai ma wata asara da ba a cika faɗa ba. Minti 50 sau kwana 180 awa 150 ne. Minti 90 sau kwana 90 awa 135 ne. Awa 15 sun salwanta a kowane darasi, kuma a manhajar da dama da ƙyar ake kai ƙarshenta, wannan babi biyu ne ko uku.

Iri na farko, mai gama darasi a rabin shekara, yana tafiya a Amurka ne saboda yadda suke ba da shaida. Ɗalibi ya gama darasi, makaranta ta rubuta masa makinsa, an wuce wurin. Mu kuwa komai jiran rana ɗaya yake yi. Yaro zai shekara uku a babbar sakandare, sannan a watannin Mayu da Yuni WAEC ta tambaye shi darussa takwas ko tara a jere, NECO ta biyo baya, ga JAMB a gefe. Kiredit biyar da suka haɗa da Ingilishi, da kuma lissafi ga yawancin kwasa-kwasai, su ne mabuɗin jami'a. Ɗalibin da ya ajiye kemistiri tun watan Fabrairu na aji biyar, bai sake buɗe shi ba sai bayan wata bakwai, wa zai yi masa tishe? Su kansu Amurkawa sun gamu da wannan a jarabawoyinsu na share fagen jami'a da ake yi a watan Mayu, inda waɗanda suka gama darasin tun Janairu suke zuwa da shi a daskare.

Amma babbar matsalar a yankin nan ta wuce jarabawa. Duk tsarin dunƙule darasi an gina shi ne a kan zaton cewa ranakun makaranta tabbatattu ne, gobe za a zo, jibi ma haka. Idan firiyod ta ninka, ranar da aka rasa ma ta ninka. Yaron da bai zo yau ba, a tsohon tsari ya rasa loma ɗaya daga kowane darasi takwas. A sabon tsari ya rasa karatun kwana biyu a darussa huɗu.

To ina tabbacin ranaku a nan? A 2020 an rufe makarantu tun watan Maris saboda korona, yawancin azuzuwa ba su koma ba sai wajen Oktoba. Ba a yi nisa ba, a daren Juma'a 11 ga Disamba, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗaruruwan ɗalibai cikin daji. An sako 344 ranar 17 ga wata ta ɓangaren Zamfara, gwamnatin Aminu Bello Masari kuma ta rufe makarantun kwana na jihar. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ta yadda shugaban makaranta ba zai iya ko kiran malaminsa ya ji dalilin rashin zuwansa ba. Waɗannan su ne manya da duniya ta ji. Ƙananan sun fi yawa: daren da aka kwana ana jin harbi, da safe babu uwar da za ta bar ɗanta ya kama hanya, makon da ƙauye ya watse aka kwana a firamaren cikin gari, jita-jitar da ke tayar da makaranta ƙarfe 11.

Ko babu 'yan bindiga, shekarar manomi tana da nata haƙƙi a kan yara. Zango na uku yana faɗawa kan shuka da noman firi da maimai. Zango na farko yana cin karo da kaka, karyar masara, yankan dawa, cirar auduga da bugun waken soya. Ranar kasuwa, a garin da ke da babbar kasuwa irin Sheme, rajista da kanta tana faɗa maka, domin yara maza sun tafi dako da tura baro, mata sun ɗauki talla. Zango na biyu ne ya fi cika, shi ma a 2025 Katsina tana cikin jihohi huɗu da suka ba da hutu saboda azumi. Zangon da aka rubuta masa mako 12 ko 13, idan aka cire makon dawowa da na jarabawa, da wuya a sami goma na koyarwa. Darasin da aka tattara firiyod ɗinsa biyu a rana ɗaya, haɗuwa goma ke gare shi a zango. Idan ranar ta dace da kasuwa, ko ta sha faɗawa kan ranakun fargaba sau uku, kusan sulusin karatun ya tafi, alhali darasin da ke maƙwabtaka da shi a taimtebul bai rasa komai ba.

Akwai hujja ɗaya da rashin tsaron ke ba masu son a gama darasi a rabin shekara, kuma ba ta wasa ba ce. Yaron da gudun hijira ya katse wa karatu a tsakiyar shekara, gara ya fita da darussa huɗu cikakku da ya fita da takwas rabi-rabi. Da a ce akwai hukumar da za ta ba shi shaidar huɗun nan, da maganar ta zauna. Babu ita. Abin da ke faruwa shi ne ya koma wajen dangi a Funtuwa ko Malumfashi ko Katsina, a sa shi a ajin da ke bin manhaja mako-mako kamar kowa. Ya tarar ya wuce su a darussa huɗu, a sauran huɗun kuma ko shafin farko bai gani ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Na ce tsarin ya riga ya shigo ba sallama. Ga yadda yake shigowa. Malamai da yawa da aka tura makarantun karkara ba a garin suke kwana ba, iyalansu suna Funtuwa ko Malumfashi ko Bakori ko cikin garin Ƙanƙara. Hanyar ba ta da daɗin bi, musamman wadda ta tashi daga Funtuwa ta bi ta Sheme da 'Yankara zuwa Gusau, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin lissafi a albashin malami. Saboda haka a makon farko na zango, malam zai shiga ofishin mataimakin shugaba ya rage murya.

"Ranka ya daɗe, a taimaka a haɗa mini darussana Litinin da Talata."

"Malam, kai ma? Kowa Litinin da Talata, to wa zai riƙe mini Alhamis?"

"Wallahi Yallaɓai, in na zo kwana biyar, albashin a hanya zai ƙare."

A ƙarshe za a haɗa masa, domin in an ƙi, neman canjin wurin aiki zai fara, kuma malamin fizik ba a tsintarsa a bakin titi. Ni ban ga laifin kowa a cikinsu ba. Amma a kira abin da sunansa. Wannan dunƙule darasi ne da aka yanka daidai aljihun malami, ba a auna shi da kan ɗalibi ba. Idan fizik ne ko aikin gona, ta yiwu ma gobarar Titi ce. Idan lissafi ne, an tara wa yaro firiyod biyar a kwana biyu, sannan daga Laraba har wata Litinin ba zai sake ganin lamba a allo ba. Kwana biyar ke nan na mantuwa a kowane mako, shekara uku a jere. Ranar da kuma malamin bai samu zuwa ba, rubu'in ranar ajin ya zama fanko. Yaran da za su iya haƙurin minti 40 ba malami, ba za su yi na 80 ba, ta katanga za su bi.

Saura tambayar da ta fi kowace nauyi: me ake yi da minti 80 ɗin? Malamanmu, masu NCE da masu digiri, a kan darasin minti 40 aka horar da su tun daga koyon aikin koyarwa, da gabatarwa, da matakai uku ko huɗu, da 'yan tambayoyi a ƙarshe. Ba a koya wa yawancinsu yadda ake sarrafa awa ɗaya da minti 20 ba. A ajin da ke da yara 70 ko 80, babu littafi a hannun kowa, rufin kwano yana tafasa a watan Afrilu, abu mafi sauƙi shi ne a juya wa aji baya a cika allo da rubutu. A share, a sake cikawa. Wani ma littafinsa zai miƙa wa monita ya kwafa, shi ya koma inuwa. Yara su fita da shafi shida da hannu mai ciwo, in ka tambaye su abin da suka rubuta su dube ka. A irin wannan aji ƙararrawar minti 40 rahama ce.

Malamin da ya iya kuwa, za ka ga darasin nasa gaɓa-gaɓa ne ko da ba a buga ƙararrawa ba. Ya buɗe da tambayoyi biyar a kan karatun makon jiya, kowa ya amsa a takarda. Ya yi bayanin sabon abu na kamar minti 20, ya tsaya. Ya ba kowane benci aiki, yara uku ko huɗu su haɗa kai, shi yana ratsawa tsakanin layuka yana leƙa littattafai. Ya ɗauko yarinya daga benci na baya ta yi a allo, aji ya gyara mata. Sai a ƙarshe a rubuta taƙaitaccen bayani. Irin wannan ba ya buƙatar lantarki ko kwamfuta, amma yana buƙatar shiri tun daga gida, da wanda ya taɓa nuna wa malamin yadda ake yi. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ɗauki malamai fiye da 7,000 a 2023. Horar da irin waɗannan a kan yadda ake cika doguwar firiyod ya fi sauya kwalin bango muhimmanci, kuma shi ya kamata ya riga.

Hukuncina a kan makarantun wannan yanki shi ne, tsarin gama darasi a rabin shekara bai dace da mu ba, muddin WAEC da NECO suna tambayar komai a lokaci guda, kuma muddin ba mu da tabbacin mako mai zuwa. Mayar da ranar duka dogayen firiyod huɗu ma ban goyi baya ba. Lissafi da Ingilishi a bar su gajeru, kullum, a hannun malaman da ke kwana a garin, kuma kada a sa su a firiyod ta farko inda rabin 'yan ƙauye ba su iso ba. Kemistiri, fizik, bayoloji, aikin gona da darussan sana'a a ba kowanne doguwar firiyod ɗaya a mako don aiki da hannu, a ƙara masa gajeriya a wata rana mai nisa da ita, don kada mako ya zagayo ba a taɓa shi ba. 'Yan ƙaramar sakandare a bar su da minti 40 ɗinsu, in ban da firaktikal. 'Yan aji shida kuma a riƙa ba su dogon zama lokaci-lokaci, domin jarabawar da ke gabansu ta awanni ce, laccar da za su tarar a Dutsin-ma ko Katsina ko Zariya ma sau da yawa awa biyu ce.

Duk wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi ko takarda daga ma'aikata, domin a galibin makarantu abin da aka ƙayyade shi ne yawan firiyod na kowane darasi a mako, jera su kuwa aikin makaranta ne. Saboda haka shugabannin makarantu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kafin ku ja layi a kwalin zango mai zuwa, ku ɗauko rajistar bara ku ƙirga ranar da yara suka fi ƙaranci a mako, da sa'ar da aji ke cika da safe, da makonnin da gona ke kwashe su. Ku kira shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai su gani da idonsu. Kada a sake ɗora dabul firiyod ta kemistiri a ranar kasuwa.